BABI NA HUƊU: MATACIN AMO DA KIƊAN FIYANO NA HAUSA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an dubi turke da salon waƙoƙin fiyano. Wannan babi kuwa zai mai da hankali ne a kan amon da ake ɗora waƙoƙin a kansa. Ames da King (1971) sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallin da ake kaɗa kowanne, shi kuma Gusau (1993) ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka wadda ɗalibai suke bi. Duk da haka, idan aka zo kan kiɗan fiyano, yawancin abin da ake ji daga bakin dattawa da masu sharhi ƙorafi ne guda ɗaya, wato wai na'ura ta kashe kiɗan gargajiya. A ra'ayin mai wannan bincike ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba a nan gizo yake saƙa ba. Abin da kunnen Bahaushe ya rasa a kiɗan fiyano shi ne hannun da yake gyara amo yayin da ake kaɗawa, alhali kuwa na'urar tana da wurin sa wannan hannu. Wurin shi ne abin da masu sana'ar suke kira filta, wanda a wannan bincike aka kira shi matacin amo.

4.1 Matacin Amo da Mamurɗansa

Kowane amo kaɗawar iska ce, kuma ana auna shi da yawan kaɗawar a cikin sakan guda, ma'aunin da ake rubutawa Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Amon tsarkiyar goge ko na algaita ba tilo ba ne. Akwai uwar amo, wadda ita ce take nuna hawa ko saukar murya, sannan akwai 'ya'yan amo da suke bisa kanta, ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har sama. Alal misali, idan uwar tana kan 200 Hz, 'ya'yan za su kasance a 400 da 600 da 800, haka dai. Yawan 'ya'yan nan da ƙarfin kowannensu shi ne yake sa a bambanta sarewa da algaita ko da murya ɗaya suka busa.

Aikin mataci shi ne ya bar wasu 'ya'yan su wuce, ya danne wasu, kamar yadda rariya take barin gari ta tare tsaki. Wanda aka fi amfani da shi yana barin na ƙasa ya danne na sama. Akwai mai yin akasin haka, akwai kuma mai barin tsakiya kaɗai. A sintesaiza mai sassa, irin wadda Robert Moog ya fara nunawa a Amurka a 1964, mataci akwati ne mai zaman kansa. Ana ɗauko ɗanyen amo daga sashen da yake haifar da shi, a shigar da shi cikin mataci da waya, a fitar da shi da wata wayar zuwa sashen ƙarfin sauti. Matacin Moog, wanda aka ba shi takardar mallakarsa a 1969, yana rage ƙarfin amo da desibel 24 duk lokacin da yawan kaɗawa ya ninka bayan an ƙetare iyaka. Wasu matatan desibel 12 suke ragewa, don haka tankaɗensu bai kai na Moog laushi ba.

Mamurɗi na farko a fuskar mataci shi ne na iyaka, wanda ake kira katof. Shi ne yake nuna inda dannewar za ta fara. In aka murɗa shi hagu amo ya dushe kamar mai magana daga cikin ɗaki an rufe ƙofa, in aka murɗa shi dama amo ya buɗe ya yi kaifi. Na biyu shi ne rezonans, wanda za a iya kira mamurɗin tsini, domin yana ƙarfafa 'ya'yan amon da suke daidai bakin iyakar ta hanyar mayar da wani ɓangare na abin da ya fita zuwa mashiga. Kaɗan daga gare shi yana ba amo hanci. Idan ya yi yawa, a matacin Moog kaurin amo yana raguwa, idan kuma aka kai shi ƙarshe sai matacin ya kama fito da kansa ko ba a shigar masa da komai ba.

Sauran mamurɗan duk bayin na iyaka ne. Ɗaya yana ƙayyade yadda iyakar za ta buɗe da kanta lokacin da aka danna maɓalli, ta kuma rufe sannu a hankali bayan haka. Wani yana sa iyakar ta riƙa bin maɓallan, ta hau idan aka hau, don kada muryoyin sama su dushe. Akwai kuma ramukan da ake shigar da wutar sarrafawa daga wani sashe, ta yadda za a iya jan iyakar da ƙafa ko da wata na'ura.

Domin sauƙaƙa fahimta, ya isa mai karatu ya ja sautin "u" ya zarce zuwa "a" sannan "i" ba tare da ya sauya tsayin muryarsa ba. Maƙogwaro abu ɗaya yake bayarwa, baki da harshe ne suke tacewa. A muryar namiji baligi, wasalin "u" yana da tudu biyu na amo, ɗaya wajen 300 Hz ɗaya ƙasa da 1,000 Hz, shi kuwa "i" tudunsa na biyu ya haura 2,000 Hz. Ke nan duk mai furta wasulan Hausa biyar yana murɗa mataci ne bai sani ba, kuma kunnen da ya saba rarrabe wasula ba zai kasa jin amon da aka bari a sandare ba.

4.2 Makaɗin Gargajiya a Matsayin Mai Tace Amo

Masana kimiyyar sauti sun nuna cewa tsarkiyar da ake gogawa tana haifar da kaɗawa mai siffar haƙoran zarto, wato mai ɗauke da dukkan 'ya'yan amo. Wannan siffa ita ce ɗanyen amon da aka fi shigarwa cikin matacin sintesaiza. Idan haka ne, goge ba komai ba ne illa tushen amo, wato izgar doki, da mataci, wato ƙwarya da fatar da aka rufe ta da ita da kafar da aka huda. Bambancin yana ga mai riƙe da shi. Duk wanda ya saurari ƙwararren makaɗin goge zai ji cewa babu ja biyu masu kama ɗaya: wani ja ya danna izga amo ya yi tsatsa, wani ya sassauta amo ya yi sanyi kamar kuka.

Haka abin yake ga shantu. Mace tana buga shi a cinya, tafin hannunta kuma yana rufe bakinsa yana buɗewa, kuma bututun da aka toshe bakinsa amonsa ya fi na buɗaɗɗe zurfi. Danƙon da ake liƙa wa fatar kotso, irin wanda makaɗan Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka kaɗa, aikinsa ya danne ƙarar sama ya zaunar da amo. Shi kuwa kuntigin Ɗanmaraya Jos, ƙanƙantar cikinsa ba ta barin kauri ya fito, shi ya sa amonsa siriri yake ratsa taro ba tare da ya yi gasa da muryar mawaƙin ba.

Kalangu sai an yi hattara da shi. Matsa tsarkiyoyi da hamata tsayin murya yake sauyawa, wannan kuwa ba aikin mataci ba ne a asali. Da wannan hawa da sauka ne kalangu yake magana, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, inda "wuya" ta jiki take farawa sama ta sauka, "wuya" ta wahala kuma ta fara ƙasa ta hau. To amma akwai abin da ya ba mai wannan bincike sha'awa ƙwarai. Idan aka kai mamurɗin tsini dab da inda mataci zai fara fito, aka kuma aika masa da gajeriyar bugun wuta, sai ya yi amo kamar fata da aka daka, ya mutu a hankali. Tsayin wannan amo kuwa mamurɗin iyaka ne yake riƙe da shi. Wato a wannan hali mamurɗin ya koma hamata. Wannan ba sabon abu ba ne, domin a kan irin wannan dabara aka gina amon wasu gangunan na'urar Roland TR-808 ta 1980.

4.3 Shigowar Fiyano da Abin da Aka Bari

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa kamfanin Iyan-Tama ya sayi fiyano ƙirar Yamaha PSR-220 a 1996, daga baya aka sami PSR-730, wadda da ita aka yi kiɗan fim ɗin Sangaya na 1999. Karɓuwar da Sangaya ya samu ita ce ta buɗe ƙofar kiɗan da ake kira nanaye, kuma daga fina-finai ya bazu zuwa waƙoƙin biki da na siyasa da na bege.

Abin lura shi ne waɗannan fiyano ba su haifar da amo daga tushe. Amon kayan kiɗa ne aka ɗauka aka adana a cikinsu, makaɗi ya zaɓi lamba ya danna. Tsarin General MIDI na 1991, wanda kamfanoni suka amince da shi, yana da muryoyi 128. A cikinsu akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba, amma babu goge, babu algaita, babu kalangu. Saboda haka makaɗin fiyano na Kano aro ya yi: ya nemi abin da ya fi kusa da sarewa ya kira shi sarewa, ya nemi na kusa da algaita ya kira shi algaita. Wannan dabara ce abar yabo, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Matashin da bai gaji kiɗa ba, da akwati ɗaya da janareta, ya fitar da abin da a da sai an tara mutum goma.

Sai dai aron ya zo da aibi, kuma aibin bai gushe ba. Babbansa shi ne sandarewar amo. Idan aka danna maɓalli sau ashirin, amo ɗaya ne yake fitowa sau ashirin, da kaifi ɗaya da mutuwa ɗaya. A waƙoƙin biki da aka saurara domin wannan bincike, sarewar fiyano takan raka mawaƙi daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta da fuska ɗaya, ko yana yabon ango ko yana kwatanta kukan amarya ranar rabuwa da iyaye. Makaɗin gargajiya ba ya yin haka. Makaɗan Mamman Shata sukan lafa idan ya shiga zance, su taso idan ya sauke ɗa, kuma lafawar ba rage ƙarfi kaɗai ba ce, har launin bugun yakan sauya. A fiyano, rufe iyakar mataci kaɗan lokacin da mawaƙi yake magana da buɗe ta lokacin amshi zai yi wannan aiki, amma da wuya a ji wanda ya yi.

Aibi na biyu ya samo asali ne daga na farko. Tun da kowace murya an bar ta a buɗe kamar yadda kamfani ya aiko ta, sai sarewa da kuge da tafi da muryar 'yar amshi duk su taru a sama suna cin juna. Daga baya da aka ƙara da na'urar daidaita murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, muryar ma ta ƙara kaifi. Sakamakon shi ne kiɗa mai gajiyar da kunne, wanda dattawa suke cewa yana sa musu ciwon kai. Sau da yawa akan ɗauki wannan magana a matsayin ƙyamar zamani kawai. Mai wannan bincike yana ganin hukunci ne na kunne, kuma daidai ne.

Game da kalangun fiyano kuwa ba sai an tsawaita ba. Ganga ce ta wata ƙasa mai murya biyu ko uku tsayayyu. Tana riƙe taki, ana rawa da ita, amma ba ta iya yin take ko kirari, kuma babu mahaucin da zai ji ta tsikar jikinsa ta tashi.

Adalci ya wajabta a faɗi uzurin makaɗan farko. Ƙananan fiyano na wancan lokaci ba su da mamurɗin mataci a fuskarsu, kuma inda akwai matacin ma yana ɓoye ne a cikin na'ura, bayaninsa cikin Turanci. Ga kuɗin ɗakin ɗaukar sauti da ake biya, ga furodusa yana jiran waƙa. Amma wannan uzuri ya yi rauni tun 2006, lokacin da Yamaha ta fito da PSR-E403 mai mamurɗai biyu a fuska waɗanda ake iya ɗora iyaka da tsini a kansu. Manhajojin kwamfuta irin su FL Studio cike suke da matata, kuma tun 2017 akwai VCV Rack, wadda sintesaiza ce mai sassa a cikin kwamfuta, kyauta. Abin da ya rage al'ada ce ta koyo. Yaron makaɗin kalangu yakan yi shekaru yana ɗaure fata da jan tsarkiya kafin a bar shi ya kaɗa a taro, don haka gyaran amo shi ne darasinsa na farko. Yaron ɗakin fiyano kuwa lambobin muryoyi yake haddacewa.

4.4 Misali Daga Nijar

Akwai wata hanya da aka bi tun kafin Kano ta san fiyano. Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya sami ogan na lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, kuma an daɗe ana sa kiɗan nasa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasar. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013. Na'urarsa ba ta kai PSR-730 yawan muryoyi ba ko kusa. Abin da ya bambanta shi shi ne bai tilasta wa ogan ya yi ƙaryar zama sarewa ko gurmi ba. Ya bar shi a matsayin ogan, ya zaɓi amo mai laushi, ya ba kowace murya fili, ya ɗora karin waƙoƙin Sahel a kai. Ana iya sukarsa da cewa takinsa na na'ura ne, ba ya numfashi. Duk da haka mai sauraro ba ya jin an yaudare shi, domin ba a yi masa alkawarin kalangu ba balle a saɓa.

4.5 Mataci na Ƙarshe: Lasifikar Biki

Ko da makaɗi ya gyara amonsa a Kano, waƙar ba a ɗakin ɗaukar sauti take ƙarewa ba. A Achilafiya da ƙauyukan da suke kewaye da ita, har zuwa Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, waƙar tana isa ga jama'a ne ta lasifikar biki da wayar hannu. Akwatin haɗa sauti da mai kayan kiɗa yake zuwa da shi yana da mamurɗai uku a kowane layi, na kauri da na tsakiya da na kaifi, kuma kowannensu mataci ne, ko da yake ba a kiransa da wannan suna.

A wani biki da mai wannan bincike ya halarta a Achilafiya, an ɗauko wani matashi da fiyanonsa da mawaƙiya. Yaron da yake kula da akwatin ya kai kauri da kaifi ƙarshe, ya danne tsakiya, domin a cewarsa haka kiɗa yake dukan ƙirji. Ƙirji kam ya daku. Amma tudun wasulan da aka yi bayani a 4.1 a tsakiyar nan suke, shi ya sa ma layin tarho na da, wanda yake ɗaukar 300 zuwa 3,400 Hz kaɗai, yake isar da magana sarai. Da aka danne tsakiya sai kalmomi suka nutse. Mawaƙiya tana kiran sunayen gwaggwannin amarya da ƙawayen uwarta ɗaya bayan ɗaya, su kuwa suna zaune a tabarma suna hira ba su san da su ake ba. A bikin Hausawa wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wadda aka wasa ba ta ji ba, ba za ta tashi ta yi liƙi ba, mawaƙiya ta koma gida da abin da bai taka kara ya karya ba, ita kuma uwar biki a bi ta da maganar cewa ba a ambaci dangin wane ba.

Da aka roƙi yaron ya sauke kaifi zuwa rabi ya ɗaga tsakiya a layin mawaƙiyar, ya yi, amma ba da son ransa ba, kuma samari masu rawa sun yi ƙorafin cewa kiɗa ya mutu. Mata kuwa suka fara tashi. Bayan waƙa biyu ya mayar da mamurɗan inda suke. Wannan ya nuna cewa a filin biki ɗaya akwai kunne biyu, na masu rawa da na masu jiran a kira sunansu, kuma mai riƙe da mamurɗi ne yake yanke wa zai ji. Akwatin yana da layi daban na fiyano da layi daban na murya, don haka ana iya barin kaurin ganguna ga samari, a rage tsakiya a layin fiyano kaɗai domin a buɗe wa murya hanya. Ba a koya masa wannan ba.

Ita kuwa wayar hannu matsalarta akasin haka ce. Lasifikarta ƙarama ce, ba ta iya fitar da kauri, ke nan ita kanta mataci ce mai barin sama kaɗai. Waƙar da tun daga ɗakin ɗaukar sauti aka cika ta da kaifi, in ta shiga waya ba abin da yake saura sai kuge da tsinin murya. Amon ƙwarya irin na ƙungiyar Barmani Choge, ko na kuntigi, ƙarfinsa yana tsakiya, shi ya sa tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset suke fita a waya da kalmominsu cikakku, duk da tsufan ɗaukar. Yadda masu sauraro a yankin Kazaure suke rarrabe waɗannan waƙoƙi da na fiyano, da sunayen da suke ba kowane amo, shi ne abin da babi na biyar zai duba.